Gumin Laure da Matar Kuroda

Wanda duk ya ci kasuwar Birnin Kebbi a shekarun da muke ƙarƙashin jihar Sakkwato ya san rumfar Inna Laure a layin masu shinkafa. Gajeriyar mace ce, baƙa, da zanen Kabawa a kumatu, tafin hannunta ya yi kanta saboda taɓarya. Ni ta wajen ɗiyarta Sauda na san ta, don mun koyar a firamare ɗaya shekara goma sha ɗaya, kuma abin da zan faɗa daga bakin su biyun na ji shi.

Laure 'yar Argungu ce, ubanta masunci. Ta auri Hodi, wani dogon saurayi mai fito da mutane a jirgi, wanda ake cewa babu mai riƙe numfashi cikin ruwa kamarsa. Watansu takwas da aure aka zo ɗibar soja don yaƙin Bama, aka ce kowace unguwa ta ba da mutum. Hodi ya shiga mota tare da abokinsa Labbo, ya bar Laure da ciki wata uku. Shekara uku ba wasiƙa, ba labari. Sannan Labbo ya dawo shi kaɗai, da takalmin soja da tari. Ya durƙusa a zaure ya ce a bakin wani gulbi ne harsashin Jafan ya sami Hodi a cinya, zazzaɓi ya ƙarasa shi.

Abu ɗaya Laure ta tambaya. Ta ce, "An yi mai sutura?"

Labbo ya ce, "Mun yi mai salla, mu huɗu."

Ba ta san inda Jafan take ba, gabas ko yamma. Ta dai riƙe sunan.

Da gumi ta rene Sauda. Aikin gumi kuwa shi ne a jiƙa shanshera, wato shinkafar da ke cikin ƙaiƙayinta, a dafa ta sama-sama, a shanya, sannan a casa ta a turmi. Da shi ta sa yarinyar makarantar boko, a lokacin da maƙwabta ke ganin wauta ce. Daga baya ta auri Malami, wani mai fataucin albasa, shi ya kawo ta Birnin Kebbi. Sun zauna lafiya shekara ashirin da wani abu, ba su sami haihuwa ba, ya rasu ya bar ta a gidan da tukwanenta.

Sai kuma shinkafa 'yar waje ta cika gari. Fara sol, cikin buhuna masu rubutu, babu tsakuwa ko ɗaya. Matan ma'aikata suka daina tsayawa layin masu gumi. Wadda ta tsaya ma sai ta ɗebi shinkafar ta shinshina ta yatsine fuska, ta ce tana wari, ta yi duhu, kuma jiya maigida ya kusa karya haƙori. Gaskiya suke faɗi, Laure ma ta sani. Wadda take sayar da buhu biyu a ranar kasuwa ta koma tana dawowa da rabin daro a ka. Da yawa cikin abokan sana'arta suka kife tukwane.

A cikin wannan hali, farkon shekarun 1980, wata baƙuwa ta tsaya gaban rumfarta. 'Yar ƙaramar mace ce mai furfura, da malafa da kwando. Ba ta yi yadda Turawa ke yi ba, su nuna da yatsa daga tsaye. Tsugunawa ta yi, ta ɗebi shinkafar a tafi, ta murza, ta sa ƙwaya ɗaya a baki ta ciza.

Laure ta ce wa maƙwabciyarta, "Wagga ta san shinkahwa."

Tun daga ranar take zuwa kowace kasuwa. Sunanta Tomiko. Mijinta Kuroda yana aiki da malaman gona, suna gwajin irin shinkafa a fadamar Zauro. Mutanen kasuwa suna ce mata 'yar Sin, don duk mai irin fuskarta haka ake kiransa. Ta iya "sannu" da "nawa" da "na gode," sauran ciniki da yatsu ake yi, ana dariya. Laure kan ƙara mata gyara har kwandon ya cika.

Wata ranar kasuwa Sauda ta taso daga makaranta ta biya ta rumfar, ta iske baƙuwar. Suka gaisa da Turanci, suka ɗan taɓa hira. Can sai Sauda ta juya wajen uwarta.

"Inna, ba 'yar Sin ba ce. Ta ce daga Jafan suke."

Tiya, kwanon awo, na hannun Laure, cike. Ta mayar da shinkafar cikin daro a hankali, ta ɗauki faifai ta rufe.

"Ce mata ta ƙare."

"Inna, ga ta nan tana gani."

"Na ce ta ƙare."

Tomiko ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta tambayi Sauda ko wani laifi ta yi. Sauda ta gaya mata a gajarce: ubanta ya tafi Bama tana ciki, bai dawo ba. Tomiko ta ajiye kwando, ta miƙe, ta sunkuyar da kai har ƙugu. Ta daɗe a haka, har masu wucewa suka fara tsayawa kallo. Sannan ta ɗauki kwandonta babu komai a ciki ta tafi.

Bayan kwana uku ta sami Sauda a makaranta, ta roƙe ta ta kai ta gidan. Sauda ta ce mini ba don tausayin baƙuwar ta yarda ba. Ita kanta take son ji, don shekara arba'in tana jin sunan mutanen nan ba ta taɓa jin muryar ko ɗayansu ba.

Suka shiga bayan la'asar. Laure ba ta korar baƙo. Ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye ruwa a kwano, ta koma gindin turmi ta ci gaba da tsintar tsakuwa a faifai, ko ɗaga kai ba ta yi. Tomiko ta zauna a kan dugaduganta ta fara magana, Sauda na mayarwa da Hausa.

Ta ce, "Ina da wa guda ɗaya, sunansa Shoji. Kekuna yake gyarawa a ƙofar gidanmu, a wani gari na bakin teku. Ko kaza ba ya iya yankawa. Ina shekara goma sha biyar aka kawo masa jar takarda, ta kiran soja. Wanda aka kawo wa ita ba ya cewa a'a, iyayensa kuma ba su da ikon yin kuka a gaban mutane. Sai dai su ce sun yi murna. Ni da mahaifiyarmu muka tsaya bakin kasuwa da farin ƙyalle da jan zare, muna roƙon duk macen da ta zo wucewa ta yi mana ƙulli ɗaya. Sai an sami ƙulli dubu daga mata dubu. An ce wanda ya ɗaura shi a ciki harsashi ba ya kama shi. Kwana tara muka yi muna tsayuwa."

Hannun Laure ya tsaya a kan faifai. Ta ce, ba da baƙuwar take ba, da ɗiyarta take, "Laya ke nan. Ni ma na ɗinka ma ubanki guda cikin wuyan riga."

Sauda ba ta taɓa jin wannan ba. Ta ci gaba da fassara.

"Bayan shekara biyu aka kira mu mu karɓi ɗan farin akwati na katako. Aka ce ƙasusuwansa ne, kada a buɗe. Muna zuwa gida mahaifiyarmu ta girgiza shi, ta ji abu yana gangarawa. Ta buɗe. Dutse ne guda ɗaya, bai fi ƙwan kaza ba. Sai bayan yaƙi wani da suke tare ya zo ya gaya mana gaskiya. Ba harsashi ne ya kashe shi ba. Yunwa ce, a gefen hanya, cikin ruwan sama, a Bama."

Laure ta ɗaga kai. Karo na farko ke nan da ta dubi fuskar matar.

"Bama ta ce?"

"Bama, Inna."

Tomiko ta ba da labarin yadda jiragen sama suka zubo wa garinsu wuta, gidajensu kuwa na katako ne da takarda. Ita da uwarta suka gudu suka shiga kogi, ruwa iya wuya, suka jiƙa bargo suka rufa a ka. Da suka fito ba su gane unguwarsu ba, sai da suka ga ƙarafan kekunan Shoji a cikin toka. Daga nan yunwa ta shigo. Uwarta tana da tufafin aurenta na alharini da ta ba wata 'yar'uwa ajiya a ƙauye, ta riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya tana musanyawa da dankali wajen manoma. Suka ci ganyen dankalin, suka ci fara. In an raba shinkafa, 'yar kaɗan ce, ba a surfe ba, rabi tsakuwa. Sai su ɗura ta cikin kwalba su riƙa caccaka da siririn sanda har dusar ta fita.

Laure ta ce, "Cikin kwalba? Babu turmi garinsu?"

Sauda ta tambaya, ta dawo da amsa. "Ta ce ya ƙone tare da gidan."

Tomiko ta dafa tabarma da hannu biyu. Ta ce, "Ban zo don a sayar mini da shinkafa ba. Ban san wanda ya harbi mijinki ba. Amma mutumin ƙasarmu ne, kuma sojojinmu sun yi ɓarna a ƙasashen mutane, wadda ba a gaya mana ba sai daga baya. Na zo in ba ki haƙuri."

Laure ta ci gaba da tsintar tsakuwa. Daga ƙarshe ta ce, "Ce mata Allah shi kai ta gida lahiya." Iyakar abin da aka samu daga bakinta ke nan.

Laure ba mai saurin yarda ba ce. Kashegari da safe ta shiga motar Argungu, ta tafi neman Labbo. Ta same shi a ƙofar gida ya tsufa, yana ɗinkin homa, ragar da Kabawa ke su da ita. Bayan gaisuwa ta tambaye shi kai tsaye ko gaskiya ne yunwa ta kashe Jafanawa a Bama.

Labbo ya ajiye zare. Ya ce, "Wa ya ba ki labarin ga? Gaskiya na. Sun yi muna ɓarna, mu ma mun yi musu. Amma da munka bi su daga baya, mun ishe su kwance bakin hanya, ƙashi da fata, wasu da ciyawa cikin baki. Yara na, Laure, awa mu. Akwai wani abu da na gani wanda har yau ban gane ba. Da yawa cikinsu suna ɗaure da farin ƙyalle ga ciki, da ɗigo-ɗigon jan zare. Ban san amfaninai ba."

Laure ta ce, "Ni na sani."

Ba ta ko kwana ba. Ta dawo Birnin Kebbi, ta cika ƙwarya da shinkafar da ta fi kyau, ta rufe da faifai, ta ce Sauda ta raka ta gidan Kuroda. Tomiko ta fito da gudu babu takalmi. Laure ta ajiye ƙwaryar a gabanta, ta ce, "Gaya mata ita ta samu dutse. Ni ko dutse ban samu ba." Tomiko ta fashe da kuka. Laure ta kama hannunta ta girgiza, irin yadda ake yi wa amarya mai yawan kuka. Ta ce, "Bari hakanan. Mu biyu anka cuta. Wa za shi ba wani haƙuri?"

Daga ranar Tomiko ta zama 'yar gida. Takan zo da hantsi, ta cire takalmi a zaure, ta ɗauki faifai. Matan unguwa suka riƙa leƙowa don su ga yadda take tsintar tsakuwa, yatsunta kamar kaza na tsattsaga. Ta ce yaƙi ne ya koya mata, don a lokacin wanda ya zubar da ƙwaya ɗaya sai ya sha faɗa. Hausarta ta ƙaru, ko da yake takan mai da namiji mace. In magana ta yi tsawo sai su jira Sauda ta taso.

Tomiko tana kallon yadda Laure ke gumi, ba ta cewa komai, har rannan Laure ta dawo kasuwa da daronta kusan yadda ta tafi da shi, ta dire shi ta ce ita ma za ta kife tukunya. Nan Tomiko ta yi magana. Ta ce ta lura da abu biyu. Ana jiƙa shanshera ba a wanke ba, har ta yi kwana uku cikin ruwa ɗaya, daga nan warin yake. Kuma ana shanya ta a ƙasa, daga nan tsakuwar take. A ƙauyen da suka yi gudun hijira, in ji ta, sai an wanke iri sau uku, an kwashe duk wanda ya taso saman ruwa.

Laure ta ce, "Wannan mai sauƙi na. To duhun hwa? Ita tukunya, ta ƙasa ta dahe har ta ƙone, ta bisa ba ta ji wuta ba."

Tomiko ta ce ba ta san gumi ba, a ƙasarsu ba a yi. Amma akwai wata shinkafa da suke yi ranar sabuwar shekara, ba a sa ta cikin ruwa. Akwati ne mai huji a ƙasa, a ɗora shi kan tukunya, tururi kaɗai ke dafa ta. Ta zana shi da tsinke a ƙasa.

Laure ta duba zanen, ta ƙyalƙyale da dariya. "Ai madambaci na! Abin da muke dambu da shi! Shekara arba'in yana rataye ɗakina."

Madambaci ba ya cin fiye da tiya biyu, ita kuwa buhu take so. Ta tafi maƙera wajen Tamba, ta sa ya raba mata duro biyu, ya huda gindin rabi ɗaya da ƙusa, huji ƙanana yadda ƙwaya ba za ta faɗa ba, don a ɗora shi kan ɗaya rabin mai ruwa. Tamba ya yi aikin yana girgiza kai, ya ce bai taɓa ganin wanda ya sayi duro lafiyayye ya ce a huda masa ba.

Gwajin farko bai yi ba. Tururi ya riƙa tserewa ta mahaɗar durorin, shinkafar tsakiya ta fito ɗanya. Laure ta tuna yadda ake ɗaure bakin madambaci da jiƙaƙƙen tsumma, ta yage tsohon zane ta naɗe mahaɗar, ta rufe sama da buhu. Na biyu ya turaru sosai, ƙaiƙayin ya tsage yadda ake so. Suka shanya a tabarmi cikin rana tun safe har yamma. Da aka zuba a turmi sai ta farfashe ta zama tsaki. Rabin buhu ya tafi a abincin kaji. Labari ya zaga unguwa cewa Laure ta bi shawarar baƙuwa ta yi asara, har wata ta ce mata a bakin rijiya ko dambun buhu guda ya nuna.

Tomiko ta zo da safe kanta a sunkuye, ta ce laifinta ne. Laure ta ce, "Laihin rana na. Ta sha ta da yawa, ta bushe da gaggawa." Ta ce ko kifi ubanta ba ya barinsa ya ƙarasa bushewa a tsakar rana. Karo na uku suka ba ta rabin yini a rana, suka kwashe, suka baza ta a inuwar zaure kwana biyu. Laure ta ciza ƙwaya ɗaya, ta ji ta ce ƙas. Ta zuba a turmi.

Sauda ta ce mini tana shigowa ta iske su biyu tsugune gaban faifai kamar masu kallon jariri. Shinkafar ta fito doguwa, ba ta karye ba, launin zuma mai haske, har kana iya hango hasken rana ta cikin ƙwayar. Babu wari, babu tsakuwa. Suka dafa tiya ɗaya a take, suka ci da man shanu da yaji, Tomiko da hannu, don ta daɗe da ajiye 'yan sandunanta in ta zo gidan.

Kasuwa uku a jere Laure ba ta kai azahar ba daronta ya ƙare.

Kuroda ne ya kawo zancen nunin amfanin gona da ake yi a Argungu lokacin bikin kamun kifi. Laure ta ce ita mi za ta yi cikin manyan manoma. Sauda ta matsa mata. Suka tafi su uku a motar Kuroda, da buhu biyu: ɗaya casasshiya, ɗaya kuma gumin da ba a casa ba, wanda Laure ta ɗauko don ta kai wa 'yan'uwanta.

A bakin rumfar nunin wani malami yana rubuta sunaye. Ya dubi buhun, ya dubi Laure, ya ce, "Inna, sunan mai gida?"

"Mai gida ya rasu. Biyu ma. Rubuta Laure."

Ya rubuta.

Alƙalan su uku ne. Suka bi layi suna ɗiba suna dubawa, ga masara, ga albasar Augie manya kamar kan jariri, ga shinkafa iri-iri. Da suka zo kan ta Laure suka tsaya. Babbansu, mai tabarau, ya juya ta a tafi, ya shinshina, ya dubi Tomiko da ke tsaye a gefe, ya ce wannan ba gumin gida ba ne. 'Yar waje ce aka juye a buhun gida, kuma ga alama ga wadda ta kawo ta nan.

Sauda ta fara magana da Turanci. Laure ta ɗaga mata hannu.

"Ranka shi daɗe, a ba ni turmi."

Ya ce, "Turmi kuma?"

"Turmi da taɓarya biyu. Ga shanshera nan cikin mota, da ƙaiƙayinta. In 'yar waje na zuwa da ƙaiƙayi, sai ka gaya min."

Garin su Laure ne, ba a rasa wanda ya san ta. Kafin a ce haka wasu mata sun gangaro da turmi daga wani gida na kusa. Laure ta kwance buhu na biyu a gaban alƙalan, ta sa mai tabarau ya ɗiba da hannunsa ya zuba. Ta gyara ɗamara, ta ɗauki taɓarya ɗaya, ta miƙa wa Tomiko ɗaya.

Wata shida Tomiko ta yi tana koyon daka a gidan Laure. Ta cire malafa, ta tuɓe takalmi. Laure ta saki taɓarya, Tomiko ta bi, Laure ta saki, Tomiko ta bi, har sautin ya daidaita ya zama lugude. Mutane suka baro rumfunan masara da na shanu suka kewaye su. Tsohuwar Bakaba da zanenta a kumatu, da tsohuwar Bajafaniya da furfurarta, turmi ɗaya. Laure ta ji daɗin kiɗan, ta jefa taɓarya sama ta tafa ta cafe. Tomiko ta gwada, ta tafa sau ɗaya ta cafe da ƙyar, wuri ya ɗauki sowa.

Laure ta kwashe, ta sheƙe a faifai, ƙaiƙayi ya tashi ya bar ƙwaya. Ta miƙa wa mai tabarau. Ya ɗebi wannan a hannun dama, ya ɗebi ta buhun farko a hagu, ya haɗa su kusa da idonsa. Ya nuna wa sauran biyun. Sannan ya cire tabarau ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Inna, na yi kuskure. Ki gafarce ni."

Ta ce, "Babu komi. Gani ya kori ji."

Da aka zo kiran sakamako a lasifika, aka ce na ɗaya a shinkafa, Laure daga Birnin Kebbi. Wata tsohuwa daga cikin taron ta ƙwala, "Ta Argungu dai! Amaryar Hodi ta!" Ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa. Aka ba Laure kofi da keken ɗinki. Ta riƙe kofin ta rasa yadda ake yi da shi, sai ta miƙa wa Tomiko kunne ɗaya, suka ɗaga shi tare. Keken kuwa, da yake ko allura ba ta iya zura wa zare, ta ba wani tela a Birnin Kebbi, ya kawo mata duro shida da tabarmi.

Duro shidan nan ba ita kaɗai ta yi aiki da su ba. Matan da suka kife tukwane suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, har da wadda ta yi mata ba'a a bakin rijiya. Ba ta hana kowa ba, ba ta ɓoye komai ba. Sharaɗinta ɗaya: duk wadda aka sami tsakuwa a shinkafarta ba za ta zauna layinsu a kasuwa ba sai ta sake tsincewa. Tamba ya bar ƙirar fartanya na wani lokaci, ba ya komai sai hudar duro. Kafin shekara biyu 'yan kasuwa daga Sakkwato da Jega suna aiko mota ƙofar gidanta, kuma matan ma'aikata sun dawo layin masu gumi suna tambayar wace ce Laure.

Aikin Kuroda ya ƙare bayan shekara uku. Ranar tafiya Laure ta ɗaura wa Tomiko saƙaƙƙen zane da hannunta, ta sa aka loda mata buhu guda a mota, duk da an gaya mata jirgin sama ba zai ɗauka ba. Ta ce wannan matsalar mai jirgi ce. Suka riƙe hannun juna a ƙofar gida, kowacce na magana da harshenta, Sauda ta ja gefe ba ta fassara ba. Wasiƙu sun riƙa zuwa sau biyu a shekara, Sauda na karantawa tana rubuta amsa.

Zuwana na ƙarshe gidan kafin a yi mini canjin wurin aiki, a shekarar da ta gabaci ba mu jihar Kebbi, na iske tsakar gida babu wurin sa ƙafa. Duro huɗu na kan wuta, tururi na tashi, tabarmi shimfiɗe har waje. Wata motar ɗaukar kaya ta sauke mata goma sha biyu daga Augie, shugabarsu Hauwa'u ta durƙusa tana bayanin cewa sun ji labari ne, sun zo a koya musu. Laure na zaune a kujerar tsuguno, gwiwa ta fara hana ta tsayuwa, amma idonta na kan kowane duro.

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Kun zo da shansherarku?"

Suka ce sun zo da ita.

"To ku aje mayafi. Rijiya na can. Wanki ukku, kuma ina kallo."